Misar Latin: Dalilin Da Ya Sa Taƙaddamar Ibada Da Iko Ta Ƙi Ƙarewa A Cocin Katolika

A ranar 25 ga Oktoban 2025, Kadinal Raymond Burke, ɗan ƙasar Amurka, ya jagoranci ibadar Misa da harshen Latin bisa tsohon tsari a babban cocin St. Peter da ke fadar Vatican, bayan Fafaroma Leo na 14 ya ba da izini. Shekara biyu a jere kafin nan an hana masu ziyarar ibada yin irin wannan Misa a cikin ginin. Izinin bai soke dokar da marigayi Fafaroma Francis ya kafa a 2021 ba, wadda ta taƙaita tsohuwar Misa, amma ya sake ta da muhawarar da ta haura shekara 50 tana ci a cocin da ke da mabiya kimanin biliyan 1.4 a duniya.

Wanda ya hango taƙaddamar daga nesa zai ɗauka gardama ce a kan harshe da tufafin limamai. Waɗannan suna ciki. Sai dai gundarin maganar tambaya ce ta iko: shin Fafaroma mai gadin ibadar da ya gada ne, ko kuwa yana da hurumin sake mata fasali yadda ya ga ya dace da zamani? Idan kuma mabiyi ya ga kamar umarnin shugaba ya saɓa wa abin da magabata suka bari, wanne zai bi?

Mece ce Misa?

Misa ita ce babbar ibadar mabiya ɗarikar Katolika. A cikinta ake karanta Littafi Mai Tsarki, a yi wa'azi, sannan limami ya yi addu'a a kan gurasa da ruwan inabi a bisa bagade, wato teburin hadaya. A aƙidar ɗarikar, gurasar da ruwan inabin suna zama jiki da jinin Yesu Almasihu, kuma ibadar kanta hadaya ce ga Allah. Saboda haka duk wani sauyi a kalmomi ko motsin da ake yi a cikinta yakan taɓa zuciyar mabiya. Akwai tsohuwar ƙa'ida a cocin da ke cewa yadda ake addu'a shi ke nuna abin da aka yi imani da shi. Ɓangarorin biyu duka sun amince da wannan ƙa'ida, kuma ita ce ta sa kowa ya ƙi ɗaukar lamarin da wasa.

Kiristocin farko na birnin Rum da harshen Girka suke ibada. Sai wajen ƙarni na huɗu aka koma Latin, domin shi ne harshen da jama'ar gari ke ji. Da zamani ya yi nisa, Latin ya mutu a bakin talakawa, ya rage a coci da makaranta da kotu, har ya zama alamar haɗin kan cocin Yamma. Cocin bai taɓa koyar da cewa Latin harshe ne saukakke ba, kuma cocin Katolika na Gabas, irin na Lebanon da Ukraine da Habasha, suna da nasu tsarin da nasu harsunan tun da can.

Daga Trent zuwa Vatican ta Biyu

Bayan ɓallewar Furotesta a ƙarni na 16, cocin ya kira babban taron bishof-bishof a garin Trent da ke arewacin Italiya, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563. A 1570 Fafaroma Pius na Biyar ya fitar da littafin Misa guda ɗaya, ya wajabta shi a kan cocin Yamma, in ban da wuraren da ke da tsarinsu na kansu wanda ya haura shekara 200. Daga sunan garin ne aka samo laƙabin Misar Trent. An riƙa yi wa littafin 'yan gyare-gyare, kamar wanda Pius na 12 ya yi wa ibadun makon Ista a 1955, amma ginshiƙinsa bai motsa ba har kusan shekara 400. Bugun 1962 shi ne na ƙarshe, kuma shi masu ra'ayin riƙau ke amfani da shi a yau.

A ranar 11 ga Oktoban 1962, Fafaroma John na 23 ya buɗe Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta tara bishof fiye da 2,000 daga sassan duniya. Ya rasu kafin a kammala, sai Paul na Shida ya kai ta ƙarshe a ranar 8 ga Disamban 1965. Kundin da majalisar ta fitar kan ibada, mai suna Sacrosanctum Concilium, an amince da shi a ranar 4 ga Disamban 1963 da ƙuri'a 2,147, huɗu kacal suka ƙi. Kundin ya buƙaci jama'a su shiga cikin ibada da fahimta, a sauƙaƙa tsarin, a ƙara yawan karatu daga Littafi Mai Tsarki, a kuma buɗe ƙofa ga harsunan gida. Amma ya ce a ci gaba da kiyaye Latin, a ba tsohon rerawar coci da ake kira Gregorian matsayi na gaba, kuma kada a ƙirƙiro sabon abu sai in amfanin coci ya tilasta.

Aikin aiwatarwa ya faɗa hannun wani kwamiti da Paul na Shida ya kafa a 1964, wanda limami Annibale Bugnini ya zama sakatarensa. A ranar 3 ga Afrilun 1969 Fafaroma ya amince da sabon littafin Misa, aka fara aiki da shi a ƙarshen Nuwamban shekarar. A tsakanin abin da majalisa ta rubuta da abin da ya bayyana a coci-coci ne rikicin ya samo tushe.

Me ya sauya a aikace?

A tsohon tsari, limami da jama'a duk gefe ɗaya suke fuskanta, wato wajen bagade, kuma yawancin addu'ar tsarkake gurasa a asirce limami ke yin ta. Mai hidima ne ke amsa masa a madadin jama'a. Masu karɓar Jibin Ubangiji kan durƙusa, limami ya sa musu a harshe. Addu'ar tsarkakewa guda ɗaya ce, karatu kuma zagayen shekara ɗaya yake yi.

A sabon tsari, limami kan tsaya bayan bagade ya fuskanci jama'a, yana addu'a da ƙarfi cikin harshen da suke ji. Addu'o'in tsarkakewa sun zama huɗu, daga baya aka ƙara wasu. Karatun ranar Lahadi ya koma zagayen shekara uku, abin da ya shigo da sassa da yawa na Tsohon Alkawari. Mabiyan da ba limamai ba, maza da mata, suna yin karatu. A ƙasashe da dama an ba da izinin karɓar gurasar a tafin hannu, a tsaye.

Abin lura shi ne majalisar ba ta umarci limami ya juyo ya fuskanci jama'a ba, ba ta yi maganar karɓa a hannu ba, ba ta kuma ce a watsar da Latin ba. Waɗannan sun zo ne ta umarnin da ya biyo baya da kuma al'adar da ta yaɗu cikin gaggawa. Har gobe dokar coci ta yarda a yi sabuwar Misa da Latin daga farko har ƙarshe.

Ƙorafin masu ra'ayin riƙau

Ƙorafi na farko na aƙida ne. A watan Satumban 1969, Kadinal Alfredo Ottaviani, wanda ya taɓa shugabantar ofishin kare aƙida na Vatican, shi da Kadinal Antonio Bacci, sun miƙa wa Paul na Shida wani nazari da ya ce sabuwar Misa ta yi nisa da koyarwar Trent. Hujjarsu ita ce an rage kalmomin da ke bayyana Misa a matsayin hadaya domin gafarar zunubi, an ƙarfafa siffarta ta cin abinci tare, wadda ta fi kusa da fahimtar Furotesta. Masu wannan ra'ayi kan tuna cewa malaman Furotesta shida sun halarci zaman kwamitin gyaran a matsayin 'yan kallo, ko da yake ba su da ƙuri'a. Vatican ta yi watsi da zargin, amma ta gyara gabatarwar littafin a 1970 domin ta fito da maganar hadaya ƙarara.

Na biyu shi ne na ladabi da kwarjini. Suna cewa shiru da durƙuso da harshen da ba a ciniki da shi a kasuwa suna koya wa mutum cewa yana gaban Ubangiji. Da limami ya juyo ya dubi jama'a, a cewarsu, sai hankali ya koma kan iya maganarsa da barkwancinsa. Suna kawo misalin shekarun 1970, lokacin da wasu limamai a Turai da Amurka suka riƙa ƙirƙirar addu'o'insu, aka rushe tsofaffin bagadai, aka kawar da kayan tarihi.

Na uku shi ne yadda aka yi gyaran. A ganinsu ibada kamar itaciya take, a hankali take girma, ana yi mata sassabe ba tare da an tumɓuke ta ba. Kwamitin masana kuwa ya sake tsara abin da ya ɗauki ƙarnoni yana ginuwa cikin shekara biyar, sannan aka hana tsohon. Wannan ƙorafi ya samu masu saurare har a wajen ɗarikar. A 1971 fitattun mutane fiye da 50 a Birtaniya, ciki har da marubuciya Agatha Christie wadda ba 'yar Katolika ba ce, sun sa hannu a wata takarda suna roƙon kada a bari tsohuwar Misa ta ɓace, domin gado ce ga al'adun duniya. Paul na Shida ya ba Ingila da Wales izini mai iyaka.

Sukan kuma danganta raguwar masu zuwa coci da ƙarancin sabbin limamai a Turai da wannan sauyi.

Amsar masu goyon bayan gyara

Ɗaya ɓangaren na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kafin majalisar, a wurare da yawa limami kan hanzarta Misa cikin raɗa, jama'a na can baya suna jan carbinsu, ba su san inda aka kai ba. Yunƙurin gyara ibada ya faro ne tun farkon ƙarni na 20, kuma fafaromomin da masu ra'ayin riƙau ke girmamawa, irin su Pius na Goma da Pius na 12, su ma sun yi nasu gyaran. Suna ƙarawa da cewa abubuwa da dama da ake kira sababbi, kamar addu'ar jama'a bayan wa'azi da gaisuwar salama, tsofaffin al'adu ne na ƙarnonin farko da aka farfaɗo da su.

Game da raguwar mabiya, suna nuna cewa cocin Furotesta na Turai, waɗanda ba su yi wata Majalisar Vatican ba, su ma kujerunsu sun yi fayau a wannan zamani, yayin da ɗarikar Katolika ta bunƙasa a Afirka da wasu sassan Asiya a ƙarƙashin sabon tsarin. Wuce gona da iri da wasu limamai suka yi, a cewarsu, saɓa wa littafin ne, don haka bai kamata a ɗora wa littafin laifi ba.

Lefebvre: daga Dakar zuwa Econe

Mutumin da ya mayar da ƙorafi ya zama ɓaraka ya shafe kusan shekara 30 yana aiki a Afirka. An haifi Marcel Lefebvre a Faransa a 1905. Ya yi aikin mishan a Gabon, ya zama bishof a Dakar a 1947, wakilin Fafaroma a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci a 1948, sannan babban bishof na Dakar daga 1955 zuwa 1962. Wanda ya gaje shi, Hyacinthe Thiandoum, ɗan Senegal ne da shi Lefebvre ya naɗa limami. Daga 1962 zuwa 1968 ya shugabanci ƙungiyar limaman Ruhu Mai Tsarki, wadda 'ya'yanta suka isa Onitsha a 1885 suka dasa ɗarikar Katolika a gabashin Najeriya.

A 1970 ya kafa ƙungiyar limamai ta St. Pius na Goma, wadda aka fi sani da SSPX, tare da makarantar horar da limamai a Econe da ke Siwizalan. Da farko bishof na yankin ya amince da ita, amma aka janye amincewar a 1975. Da ya naɗa limamai a 1976 duk da gargaɗin Vatican, Paul na Shida ya dakatar da shi daga gudanar da ibadu.

Adawar Lefebvre ta wuce batun Misa. Ya soki sanarwar majalisar kan 'yancin addini, wadda ta ce bai halatta hukuma ta tilasta wa mutum a kan imaninsa ba, yana ganin ta saɓa wa koyarwar fafaromomin ƙarni na 19. Ya kuma ƙi amincewa da sabuwar hulɗa da sauran addinai, wadda sanarwar Nostra Aetate ta 1965 ta buɗe, inda cocin ya bayyana girmamawarsa ga Musulmi da Yahudawa. Taron addu'ar zaman lafiya da John Paul na Biyu ya kira a Assisi a watan Oktoban 1986, wanda shugabannin addinai daban-daban suka halarta, ya ƙara tabbatar masa cewa Rum ta kauce hanya.

A ranar 5 ga Mayun 1988 ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu da Kadinal Joseph Ratzinger, washegari ya janye. A ranar 30 ga Yuni ya naɗa bishof huɗu ba tare da izinin Fafaroma ba, yana kafa hujja da larura: ya tsufa, kuma in ya mutu babu mai naɗa limaman da za su ci gaba da tsohuwar Misa. A dokar coci, wannan aiki kansa yana fitar da mai yinsa daga tarayyar coci, kuma Vatican ta sanar da hakan. Wasu limamansa suka ƙi bin sa, suka kafa ƙungiyar St. Peter, wato FSSP, wadda ke yin tsohuwar Misa cikin biyayya ga Rum. Lefebvre ya rasu a 1991 hukuncin na kansa.

Daga nan masu ra'ayin riƙau suka kasu gida uku. Akwai masu son tsohuwar Misa da ke cikin coci sosai, suna amincewa da majalisa da Fafaroma. Akwai SSPX, wadda ta yarda Fafaroma halastacce ne, tana masa addu'a, amma tana ƙin bin umarnin da take ganin yana cutar da imani. Akwai kuma 'yan tsiraru da ke cewa kujerar Fafaroma ba kowa a kanta tun rasuwar Pius na 12 a 1958. Haɗa su duka a kwando ɗaya shi ne kuskuren da ake yawan yi, kuma na farkon su suka fi jin zafin hakan.

Fafaroma uku, mataki uku

John Paul na Biyu ya zaɓi hanyar izini. A 1984 ya ba bishof-bishof damar barin wasu rukunoni su yi amfani da littafin 1962, a 1988 kuma ya roƙe su su yi hakan da yalwar zuciya. Wasu sun amsa, wasu sun yi kunnen uwar shegu.

Ratzinger, wanda ya zama Benedict na 16 a 2005, ya daɗe yana sukar yadda aka aiwatar da gyaran, duk da cewa ya halarci majalisar a matsayin masani kuma yana kare ta. A ranar 7 ga Yulin 2007 ya fitar da dokar Summorum Pontificum, wadda ta ce ba a taɓa soke tsohon littafin ba, kuma kowane limami na iya amfani da shi ba sai ya nemi izinin bishof ba. Ya kira sabuwar Misa tsari na yau da kullum, tsohuwar kuma tsari na musamman, yana fatan za su amfani juna. Hujjarsa ita ce abin da magabata suka ɗauka mai tsarki ba zai wayi gari ya zama haramtacce ba. A Janairun 2009 ya ɗage hukuncin da ke kan bishof huɗun SSPX, matakin da ya jawo masa suka mai tsanani da aka gano ɗaya daga cikinsu, Richard Williamson, ya musanta girman kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Tattaunawar sulhu ta cije a kan batun amincewa da majalisa, kuma ƙungiyar ta ci gaba da zama ba ta da matsayi a dokar coci.

Francis ya fara da sassauci, inda ya amince da sahihancin ikirarin zunubi da ake yi a gaban limaman SSPX, ya kuma buɗe hanyar amincewa da auren da suke ɗaurawa. Amma bayan an nemi jin ra'ayin bishof-bishof a 2020, sai ya fitar da dokar Traditionis Custodes a ranar 16 ga Yulin 2021. Dokar ta ce littattafan da aka gyara su kaɗai ne ke bayyana addu'ar cocin Rum. Ta mayar da ikon ba da izini hannun bishof, ta hana yin tsohuwar Misa a cocin unguwa, ta hana kafa sabbin rukunoni, ta kuma ce kafin a bar sabon limami ya yi ta sai an tuntuɓi Vatican. Francis ya ce an yi amfani da rangwamen magabatansa wajen faɗaɗa ɓaraka da ƙin majalisa. A 2023 aka ƙara tsaurarawa, ta yadda ko bishof ba zai yi sassauci a kan waɗannan sharuɗɗa ba sai da yardar Rum.

A Yulin 2025 wasu takardu da suka fita ga 'yan jarida sun nuna cewa da yawa daga bishof-bishof da suka amsa tambayoyin 2020 ba su nemi a taƙaita tsohuwar Misa ba. Kakakin Vatican ya ce takardun ɓangare ne kawai na bayanan da aka dogara da su.

Ina iyakar ikon Fafaroma?

Majalisar Vatican ta Farko ta 1870 ta tabbatar da cewa Fafaroma na da cikakken iko a kan coci baki ɗaya, a sha'anin aƙida da na gudanarwa. Pius na 12 ya bayyana a 1947 cewa shi kaɗai ke da hurumin kafa ko gyara tsarin ibada. Masu goyon bayan Francis na cewa ikon da Pius na Biyar ya yi amfani da shi a 1570 ya soke tsare-tsaren wasu yankuna, shi ne dai Paul na Shida da Francis suka yi amfani da shi. Wanda ya ce shi mai riƙo da gado ne, amma ya zaɓi umarnin da zai bi, ya saki babban ginshiƙin gadon, wato biyayya.

Masu ra'ayin riƙau kuma na nuni da cewa majalisar 1870 ɗin ta ce an ba Fafaroma iko ne domin ya tsare abin da aka miƙo masa. Littafin koyarwar coci na 1992 ma ya ce ko hukuma mafi girma a coci ba za ta sauya ibada yadda ta ga dama ba, sai cikin biyayya ga imani da girmama asirin ibadar. Matsalar ita ce babu wata kotu a sama da Fafaroma da za ta yanke hukunci ko ya wuce wannan iyaka. Idan kowane limami ya zama alƙalin kansa, haɗin kan coci ya watse. Idan kuma aka ce duk abin da Fafaroma mai ci ya faɗa shi ne gado, kalmar gado ta rasa ma'ana.

Sauyin doka daga 2007 zuwa 2021 ya ƙara dagula lissafin. Benedict, wanda ya yi murabus a 2013, yana raye lokacin da magajinsa ya warware dokarsa. Iyalan da suka gina rayuwarsu ta ibada a kan alkawarin wani Fafaroma sun ga wani ya janye shi cikin shekara 14, kuma darasin da ɓangarorin biyu suka ɗauka shi ne a jira Fafaroma na gaba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: kalaman wasu masu ra'ayin riƙau a intanet, na zagin Fafaroma da ƙaryata majalisa, su suka ba masu neman taƙaitawa hujja. Shari'ar Babban Bishof Carlo Maria Viganò, wanda ya yi jakadancin Vatican a Najeriya daga 1992 zuwa 1998, ta nuna inda wannan hanya ke iya kaiwa. A Yulin 2024 an fitar da shi daga tarayyar coci saboda ƙin amincewa da halascin Francis da na majalisa.

Yadda lamarin yake a Afirka

Cibiyar wannan taƙaddama tana Faransa da Amurka da Ingila da wasu sassan Turai. A Faransa, tattakin kusan kilomita 100 daga Paris zuwa Chartres, wanda masu son tsohuwar Misa ke yi duk shekara, ya riƙa tara sama da mutum 15,000 a 'yan shekarun nan, akasarinsu matasa. Duk da haka, adadin masu halartar tsohuwar Misa ɗan ƙanƙani ne in aka kwatanta da yawan mabiya ɗarikar.

A Afirka, gyaran majalisar ne ya ba da damar a yi Misa da Hausa a Kaduna da Jos da Kafanchan, da Ibo a Onitsha, da Yarbanci a Ibadan, tare da ganga da waƙoƙin gida. A 1988, shekarar da Lefebvre ya naɗa bishof-bishof ɗinsa, Vatican ta amince da tsarin Misa na musamman ga ƙasar Zaire, Kongo ta yanzu, wanda ya ƙunshi rawa da kiran magabata nagari. Francis ya yi Misa da wannan tsari a cocin St. Peter a Disamban 2019.

Amma 'yan Afirka biyu ne suka riƙe ofishin ibada na Vatican a tsakiyar wannan muhawara, kuma dukansu masu tsauri ne a kan ladabin ibada. Kadinal Francis Arinze na Najeriya, wanda ya halarci zaman ƙarshe na majalisar a 1965 yana sabon bishof ɗan shekara 32, ya shugabanci ofishin daga 2002 zuwa 2008, kuma a 2004 ya sa hannu a kundin da ya jero kurakuran da aka hana a Misa. Kadinal Robert Sarah na ƙasar Gini, wanda ya riƙe ofishin daga 2014 zuwa 2021, ya yi kira a 2016 ga limamai su koma fuskantar gabas tare da jama'a, sai Vatican ta yi saurin bayyana cewa babu sabuwar doka a kan haka.

A Najeriya, ƙungiyar FSSP na da wurin ibada a Umuaka da ke Jihar Imo, SSPX kuma na da gida a Enugu. Abin da ya fi damun shugabannin cocin ƙasar shi ne ɗaya gefen matsalar. A Agustan 2024 Majalisar Bishof-Bishof ta Katolika ta Najeriya ta fitar da gargaɗi kan kaucewa ƙa'ida a wajen ibada, kamar sauya kalmomin addu'a, yawan karɓar kuɗi a tsakiyar Misa, rashin shiru, da mayar da mumbari wurin biyan buƙatar kai. Ƙorafin nasu ya yi kama da na masu ra'ayin riƙau na Turai, sai dai maganin da suka bayar shi ne a bi littafin da ake da shi da aminci.

Abin da ke gaban Leo na 14

Fafaroma Leo, wanda aka zaɓa a ranar 8 ga Mayun 2025, masanin dokar coci ne da ya daɗe yana aiki a Peru. A wata hira da aka wallafa a Satumban 2025 ya ce batun ya rikiɗe ya zama makamin siyasa, ya kuma nuna buƙatar a zauna a tattauna da masu neman tsohuwar Misa. A ɓangaren SSPX, rasuwar Bishof Bernard Tissier de Mallerais a Oktoban 2024 ta bar ƙungiyar da bishof biyu daga cikin huɗun 1988, domin ta kori Williamson tun 2012. Wannan ya dawo da irin matsin da Lefebvre ya kira larura.

Hanyoyin da ke gaban Fafaroma kowace da tsadarta. In ya soke dokar Francis, zai tabbatar da tunanin cewa dokar ibada tana sauyawa da sauyin mai mulki. In ya bar ta yadda take, zai ci gaba da matsa wa mabiyan da suka zaɓi zama cikin coci, yayin da waɗanda suka bijire ke ibadarsu ba mai hana su. In kuma ya bar dokar a rubuce ya sassauta wajen aiwatarwa, za a samu sauƙi na ɗan lokaci, amma makomar kowane rukuni za ta rataya a kan halin bishof ɗin yankinsa. Ko wacce ya ɗauka, sai ya fayyace wa masu ra'ayin riƙau matsayin Majalisar Vatican ta Biyu, wato abin da ya wajaba su amince da shi da abin da za su iya yin muhawara a kai, domin a wannan gaɓa ce sulhu ya rushe a 1988, a nan kuma ya sake cijewa a zamanin Benedict.